Kwalekwale a Utaiƙa

Rannan jikata ta ɗauke ni a motarta, ita da kanta take tuƙi, muka taso daga unguwar Nasim a nan Riyad za mu sayo dabino a kasuwar Utaiƙa. Na ce ta ɗan ratse da ni ta unguwarmu ta da a nan Utaiƙa, in ga ƙofar gidan da aka fara sauke ni a garin nan. Muka yi ta zagaye. Ta tambayi wayarta, wayar ta ce mu yi hagu, muka yi hagu, sai ga mu a gaban wani shago mai gilasai ana sayar da tayoyin mota. Na ce ta rufe wa abin nan baki, bai san komai ba. Amma gaskiya ni ma ban gane ko lungu ɗaya ba. An baje gidajen ƙasa, an cike kwarin da muke gangarawa, an shimfiɗa kwalta a kai sumul kamar ba a taɓa haihuwar kowa a wurin ba. Na dawo gida raina a jagule. Na ce tun da Allah ya nufe ni da koyon riƙe biro bayan furfura ta fara leƙowa, a ajin manyan mata inda malamarmu ba ta girmi 'yata ta fari ba, to bari in rubuta abin da aka binne a ƙarƙashin kwaltar nan kafin ni ma a binne ni.

Ni 'yar bakin kogin Kwara ce, daga ƙasar Yawuri. Mahaifina jirgi yake tuƙawa, yana ƙetarar da mutane da buhunan albasa ranar kasuwa, kuma tun ban iya ɗaura zani da kyau ba na iya riƙe filafili. Da ƙarar ruwa yana marin cikin jirgi nake barci, da ita nake tashi. Wanki a kogi, wanke-wanke a kogi, faɗa da ƙawa a kogi, shiri ma a kogi. Shi kuwa maigidana Allah ya jiƙansa mutumin Gumel ne, inda rijiya sai an haɗa igiya da igiya kafin guga ya jiƙe. Yaron mota ne a lokacin, suna zuwa ɗaukar busasshen kifi. Ranar da na fara ganinsa yana tsaye nesa da gaɓa kamar wanda aka ce masa kogin yana cizo. Na yi masa dariya, ya yi murmushi, kuma daga nan ne abin ya soma. Ni na zaɓe shi, ba wanda ya zaɓa mini. Bayan aure ya tafi aikin Hajji, ya samu aikin gini a Riyad, ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, ya aiko a kawo ni.

Wanda ya san Riyad ta yanzu ba zai yarda da wadda na tarar ba. Gari ne da ake rushe shi ana gina shi a lokaci ɗaya. Kuɗin mai ya shigo, kowa yana gudu. Daga asuba sai ƙugin katafila, sai ƙarar rodi ana sauke shi daga tirela, sai ihun leburori da harsuna iri-iri, Yamalawa da Masarawa da mutanen Pakistan da namu. Ka wuce fili da safe, ka dawo da yamma an kafa tushen bene. Ka shanya farin kallabi, ka kwashe shi ruwan toka saboda siminti. Muna zaune a wani tsohon gidan ƙasa mai ɗakuna zagaye da tsakar gida, iyalan Hausawa kowa da ɗakinsa, murhu kusa da murhu. Ruwa kuwa sai an jira tanka. Da mun ji hon ɗinta sai mu fita da garewani da bokitai, a yi ta gwabzawa, wata ta taka wata, a zagi juna da Hausa a ƙarasa da Larabci. Yau jikokina suna sakin famfo yana zuba suna duba waya. Mu ruwan da aka wanke shinkafa shi ake wanke kwano da shi, na kwanon a yayyafa wa ƙasa don a samu sanyi. Akwai daɗi, ban ce babu ba. Akwai burodin tamis mai zafi da ake kawowa daga tanderu da safe, akwai hirar mata a inuwar katanga, akwai dariya. Amma ni da na saba in tsoma jikina duka a ruwa, aka ce in yi wanka da buta biyu. Na fara bushewa daga ciki.

Ba na ɓoye abin da ke raina. Wata rana maigida ya dawo daga aiki, na ajiye masa abinci, na ce, "Malam, ni fa garin nan ba zan iya ba. Garin da ba shi da kogi ai tasha ce. Ka sa ni a hanya in koma gida." Ya ajiye lomar da ya ɗauka. A daidai kwanakin nan rediyo ba ta da magana sai ta mashigin Suwez na ƙasar Masar, wanda yaƙi ya rufe shekaru, aka share shi aka sake buɗewa, jirage suna ta kwararowa Jidda da kaya. To ban sani ba ko daga nan ya samo dabarar. Sai ya ce, "Ki yi haƙuri kaɗan mana. Kin san aikin da muke yi yanzu? Hanyar ruwa muke haƙawa, ƙatuwa, ta ratsa tsakiyar gari."

"Hanyar ruwa ta me?"

"Irin ta Masar."

"Har jirage?"

Ya kalli kwano ya ce, "Har jirage."

Kada wanda ya karanta wannan ya ce ni sakarya ce. A garin da na ga an tashi dutse guda an mayar da shi fili, na ga itatuwan dabino manya ana kawo su a mota ana dasawa da 'ya'yansu a jiki, me zai hana in yarda za a jawo teku? Kuma kullum yana dawowa da laka har gwiwa. Na yarda. Na kwance ƙullin kayana.

A zauren gidanmu akwai wani tsoho, muna ce masa Baba Bahar. Bahaushe ne haifaffen Sudan, ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a manyan jiragen ruwa, da ƙarfi ya ƙare ya koma gyaran ƙofofi da tagogi. Sauran mata daga bayan labule suke gaishe shi. Ni kuwa na jawo tabarma na zauna a bakin zaure bayan la'asar, na ce ya ba ni labarin Suwez tun da ya bi ta ciki. Tsohon nan ya ajiye zarto kamar dama jira yake yi. Ya ce, "'Yata, abin da ido bai saba gani ba ne. Kina tsaye a kan rairayi, ba ki ganin ruwa ko kaɗan, sai ki ga jirgi kamar unguwa guda yana tafiya a cikin yashi." Ya ce tun zamanin kakanni aka haƙa shi, da farko da hannu, talakawan Masar da magirbi da kwando, suna kwasar ƙasa a baya, da yawa ba su koma gida ba, sai daga baya aka kawo injuna. Ya ce kafin a yi nisa sai da aka jawo wata 'yar ƙorama ta ruwan daɗi daga kogin Nilu don masu haƙa su sha, domin wurin ba ko ɗigo. Ya ce jirage ba sa shiga yadda suka ga dama, jeri suke yi kamar ayarin raƙuma, a hankali, don kada igiyar ruwa ta cinye gaɓa. A bakin mashigin wani gwani yake hawowa ta tsanin igiya ya tsaya kusa da matuƙi, shi ya san inda ke da zurfi. A tsakiya akwai wani babban tafki mai ɗaci inda ayari ɗaya yake tsayawa ya ba wa na gaba hanya. Kuma dare da rana akwai jiragen da ba su da aiki sai yashe ƙasa, don hamada ba ta daina ƙoƙarin karɓe abinta. Ya ce da aka yi yaƙi wasu jirage sun maƙale a tafkin nan shekara da shekaru, har yashi ya mayar da su rawaya. Ina saurare ina lissafa yadda namu zai kasance. Har na zaɓi inda zan riƙa wanki.

Ni ce na ce masa, "Baba, idan ruwa ya zo, mutanen garin nan ba wanda ya iya ƙetarewa. Ka sassaƙa mini kwalekwale." Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ce, "Samo katako." Katako kuwa ba wuya a lokacin, akwatunan da ake kawo injuna a ciki zube suke a kowace kwana. Muka yi ta jawowa. Ya zare ƙusoshi ya miƙar da su, ya jiƙa katako ya lanƙwasa, ni ina tsaye a kansa ina gyara masa, don jirginsa na teku ne nawa na kogi. "Baba, cikin ya yi tudu, shimfiɗa shi." "Ke, ni da na ga Bahar Maliya za ki koya wa jirgi?" "Bahar Maliya ba ta ɗaukar albasa." Muka cusa tsumma a tsagogi, aka roƙo kwalta daga masu aikin titi muka dafa a garwa muka shafe. Gida ya yi ta wari, mata suna tsaki. Maƙwabciyata Hajjo, wadda aka haifa a Makka, Hausarta rabi Larabci, takan leƙo ta ce, "Masha Allah, ya kaftin! Yaushe safar?" Sai sauran su tuntsire da dariya su shige ɗaki. Na ɗauka hassada ce. Shi kuwa maigida in ya shigo ya ga jirgin nan a jingine da katanga, sai ya sunkuyar da kai ya wuce da sauri. In na ce ya kai ni in ga aikin, sai ya ce ba a barin mata, ko ya ce sai an zuba siminti.

Asiri ya tonu ranar da muka je kasuwar Baɗha da Hajjo sayen yadi. Daga tagar motar haya na hango ramin da su maigida suke haƙawa. Wallahi ƙato ne, dogo, an yi masa gini da siminti gefe da gefe, zuciyata har ta yi tsalle. Sai na ga daga can gaba ana ɗora masa murfi, manyan faifan kankare, an riga an rufe wani sashe har motoci suna bi ta kai. Na taɓa Hajjo na ce, "To in sun rufe sama, ta ina jirgin zai bi?" Ta toshe baki da gefen abaya, kafaɗunta suna rawa. Da ta ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Ya ukti, lambatu ne. Na ruwan sama ne da ƙazantar gari. Mijinki ne ya bi mu ɗaki-ɗaki ya roƙe mu da girman Allah kada mu faɗa miki."

Ban sayi yadin ba. Da na shiga gida na tsaya a zaure na ce, "Baba, har da kai?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani, 'yata. Garin nan a kan tudu yake, teku ba ta hawa tudu. Amma hannuna ya yi kewar jirgi, kuma tun da na zo garin nan ba wanda ya taɓa tambayata labarin ruwa sai ke." Shi ban iya yi masa faɗa ba. Maigida kuwa ya sha. Na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa namiji ba, da ƙarfi, yadda kowane ɗaki zai ji, tun da kowane ɗaki ya san da maganar. Abin da ya fi ƙona ni shi ne bai kare kansa ba. Ya zauna a bakin katifa yana murza hula. Na ce ya ba ni dalili, ya ce in yi haƙuri. Na ce ba haƙuri na tambaya ba. Ya sake cewa in yi haƙuri. To lokacin an gama aikin Hajji, ƙanin mahaifina yana Jidda yana jiran jirgin komawa. Na ce zan bi shi. Maigida ya ga da gaske nake, ya je ya shirya da wani direba ɗan garinmu da zai tafi Jidda da iyalinsa, ya ce zai tsaya mana a bakin babban titi da hantsi. Hajjo ta ce ba ta taɓa jin yaji mai nisan wannan ba, daga Riyad har Yawuri.

Ana gobe tafiya, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Wanda bai zauna a ƙasar nan ba bai san ruwanta ba. Sai a shekara ba a ga ɗigo ba, ranar da zai zo kuma sai ya zo kamar an kifar da randa. Indararo suka yi ta amai, maza suna kan soro suna toshe ɓaraka, mu muna tara duk abin da ke da baki, har tukunyar miya. Na fita tsakar gida na tsaya ya dake ni son ransa. Da gari ya waye an ɗauke, rana ta fito tas, amma unguwarmu a kwari take, duk ruwan tudu ya gangaro ya kwanta tsakaninmu da babban titi. Lambatun da ake ta haƙawa bai iso wajenmu ba tukuna. Fili guda ya zama tafki, ja kamar kunun kanwa, jarkoki da takalma suna yawo a kai. Maza sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa da riguna a naɗe, ba mai shiga. Can ƙetare kuma ga motar Jidda tana ta hon.

Na dubi Baba, Baba ya dube ni. Muka kama jirgi muka fito da shi. Da ya taɓa ruwa ya zauna daram, ko ɗigo bai sha ba, tsohon nan ya yi kabbara kamar an yi masa haihuwa. Na ɗaure abaya a ƙugu, na ɗora akwatina, na shiga baya da filafili. Na ce wa maigida, "Ai sai ka raka ni ka miƙa ni hannun direba, ko a nan za ka sallame ni?" Mutumin Gumel ya dubi ruwa, ya dubi jama'a, ya karanta duk addu'ar da ya sani, ya shigo da rarrafe ya zauna a kan akwati, ya damƙe gefe da gefe.

Na tura. Allah, wannan tuƙin na farko! Kafaɗuna suka tuna abinsu ba tare da na gaya musu ba. Mata suka hau soro, Larabawan maƙwabta suka leƙo ta taga, wani tsoho yana ta cewa la ilaha illallah, mace a jirgi a Riyad. Da muka kai tsakiya, na ɗaga filafili na ɗora a cinya. Jirgi ya tsaya yana lilo.

"Lafiya? Me ya sa kika tsaya?"

"Hutawa nake yi."

"A nan? Ki huta a tudu mana!"

"Malam, yaushe jiragen za su iso?"

"Haba, yanzu ne lokacin wannan maganar?"

Na ɗan jingina gefe ɗaya. Jirgi ya karkata. Ya saki salati da ƙarfi har na kan soro suka amsa.

"Ba za su zo ba! Wallahi ba za su zo ba. Lambatu ne, tun ranar da aka ba ni shebur na san lambatu ne."

"Wannan na ji a bakin Hajjo. Dalili nake tambaya."

Ruwa ya ɗan mari cikin jirgi. Sannan ya ce, ba tare da ya saki gefen ba, "Kin ce za ki tafi. Na duba abin da nake da shi, ɗaki ɗaya da katifa da buta. Na san in na ce ki zauna saboda ni, za ki auna ni da kogi, kuma kogi zai rinjaye ni. Sai na ƙirƙiro miki kogi."

"Ka taɓa gwada faɗin hakan ka ga na auna?"

"Ban iya ba."

"To iya yanzu. Ba inda za mu sai ka iya."

Ya ɗago ya dube ni, gumi yana bin fuskarsa. Ya ce, "Ki zauna. Babu teku, babu jirage, ba za a taɓa yi ba. Ni kaɗai ne, ni da lambatu."

Na so in riƙe fuska, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace mini har jirgi yana girgiza, shi kuma yana roƙona in yi dariyar a hankali. Na tsoma filafili na juya kan jirgi. Hajjo ta rangaɗa guɗa daga kan soro, sauran suka ɗauka, direban Jidda ya gane da kansa, ya yi hon sau ɗaya ya ja motarsa.

Muna dab da ƙofar gida sai ga wani Bayamale ya ratso tafkin a ƙafa, da faifan tamis a ka, yana tafe yana waƙa. Ruwan iyakarsa ƙugu. Maigida ya bi shi da kallo har ya wuce, sannan ya juyo.

"Kin san ba shi da zurfi?"

"Tun da na tsoma filafili ya taɓa ƙasa."

"Kika bar ni ina ta salati?"

"Ai salati ba ya ɓaci, Malam."

Ya sauka da kansa ya ɗauki akwatin a ka, ya mayar da shi ɗaki. Ni kuwa ban sauka ba, don layi ya riga ya kafu a bakin ƙofa. Yinin ranar na ƙetarar da leburori zuwa motocin aikinsu, na dawo da tulun gas da buhun shinkafa, na kai wata mai ciki bakin titi, Baba yana zaune a gaba ya harɗe kamar gwanin Suwez yana nuna mini hanya a filin da na fi shi sani. Kafin mako ya zagayo ƙasa ta shanye ruwan, ya bar laka da sauro. Na je Yawuri bayan haka ba sau ɗaya ba, na yi wanka a Kwara har na gaji, kuma duk zuwa da ƙafata nake dawowa. A garin nan na haifi 'ya'yana, a nan aka rufe maigida, kuma na gaya wa yaran, in tawa ta zo kada wanda ya wahalar da kansa neman kogi. A sa ni a maƙabartar da yake.